Kunun da Goggo ta Dama wa Raudatu

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan shafi. Yau kwana tara ke nan wani abu ya tsaya mini a rai. Ban iya dogon rubutu ba, ku yi haƙuri da ni. In kun kai ƙarshe za ku gane dalili.

Akwai wata mata a Muchia, cikin Sabon Garin Zariya, kowa Goggo yake ce mata. Haihuwarta bakwai, duk a ɗaki, ko maƙwabta ba su taɓa jin ƙararta ba, kuma tana alfahari da haka. 'Yarta mace ɗaya ce tal, Raudatu, tana aure a Samaru. Mijin, Jafaru, yana aiki a wani ofis cikin jami'a.

Raudatu ta sha wuya a kan ciki. Biyu sun zube, na uku ya kai wata bakwai ya daina motsi. Da ta samu na huɗu, tun yana wata biyar ƙafafunta suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga, zoben hannunta sai da aka yanke shi. A wurin awo aka ce jininta ya hau sosai, in ba a kula ba jijjiga za ta iya kama ta.

Jafaru ya tsaya mata. Ya sayo abin awon jini, safe da yamma yana ɗaura mata a hannu. Ya sa aka cire gishiri daga girki, shi ma ya zauna yana cin lami tare da ita.

Ranar da Goggo ta je dubiya ta ɗanɗana miyar, sai ta ture kwanon ta ce, "Wannan ciki ne ko jarrabawar jami'a? Mu da muka haifi bakwai, da me aka auna mu?"

Raudatu ta yi murmushi kawai. Ita ba ta iya musu da uwarta ba tun tana ƙarama.

Cikin wata na takwas, wata Talata da hantsi, ta ce kanta yana sarawa, idonta yana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli. Jafaru ya kwashe ta sai asibiti. Likita ta ce ba za a kwana da cikin nan ba, aiki za a yi yanzu. Kafin keke ya sauke Goggo, har Jafaru ya sa hannu a takardar aikin.

Ana tura gadon, Raudatu ta kamo bakin mayafin uwarta ta ce, "Goggo, ki yafe mini. In ban fito ba, ki riƙe mini abin da aka samu."

Daga baya ta ba da labarin abin da ya faru a ciki. An yi mata allura a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Ba zafi, sai dai tana jin ana ja ana turawa kamar ana kwance ƙullin kaya. Can ta ji cikin ya yi sakayau, ɗakin kuma ya yi tsit. Ta ce wannan shirun ta san shi, shi ta ji wancan karon. Ta rufe ido tana salati. Sai ga wani ɗan siririn kuka kamar na kyanwa.

Namiji ne, ɗan mitsitsi. Kwana goma ya yi a kwalba. Aka sa masa Suhail.

Ranar sallama likita ta dubi Goggo ta ce, "Mama, ke za ki riƙe ta? To ki ji da kyau. Ba kunun kanwa, ba wankan ruwa mai ƙuna. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar 'yarki kuma ta riga ta gaji."

Goggo ta ce, "To, likita." A ranta kuwa cewa take, yarinyar da ko goyo ba ta taɓa yi ba.

Jafaru ya so matarsa ta yi jego a Samaru. Goggo ta ce ba a taɓa yi ba, haihuwar fari a gaban uwa ake wankanta. Ya durƙusa a ƙofar ɗaki, kansa a ƙasa, ya ce, "Goggo, ga ta nan, amana. Ga abin awon jinin ma."

Ta ce, "Ikon Allah. Ni za a ba amanar abin da na haifa?"

Abin awon ta ɗora shi a saman sif. Bai sake saukowa ba.

Bayan mako guda aka tura Jafaru wani aiki Kano na sati biyu. A daidai lokacin ruwan nono ya yi ƙaranci, yaro yana ta kuka. 'Yan barka kuwa kowa da abin da za ta ce. Wata tsohuwa cikin dangi ta leƙa kofin mai jego ta ga farin koko, ta riƙe haɓa ta ce, "Goggo, ke ce da wannan? Jego ba kanwa, ina nono zai fito? Za ki mayar wa mutane 'ya da ɗanyen jiki, sanyi ya cinye ta, a ce uwarta tana raye."

Maganar nan ta shigi Goggo. Washegari ta shiga kasuwar Sabon Gari ta sayo jar kanwa, ta jiƙa, ta dama kunu da citta da kanumfari, ta cika ƙwarya.

Raudatu ta dubi kalar kunun ta ce, "Goggo, likita fa ta hana."

"Likitar ce ta haife ki? Da shi na yi jegonki, da shi uwata ta yi nawa. Ɗaga ki shanye."

Ta ɗaga ta shanye.

Da Goggo ta ga ɗinki ya kame, sai ta haɗa murhu a bayan ɗaki. Safe da yamma tukunya tana tafasa, ta tsoma ganyen darbejiya ta fyaɗa mata a jiki har fatar ta yi ja. Nono kuwa ya ɗan ƙaru, fuskar Raudatu ta cika. Goggo ta ce kun gani, jego ya karɓe ta.

Katanga ɗaya ta raba su da Bibiana, wadda ake kira Maman Nedu, tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Shekara ashirin suna miƙa wa juna kwano, na Sallah ya tafi, na Kirsimeti ya dawo. Ita ta ga hayaƙin ta shigo.

"Goggo, wannan wuta safe da yamma fa? Abeg, don Allah, kar ki ce mini wanka ne."

Ba ta jira amsa ba, ta tsuguna ta danna ƙaurin Raudatu da yatsa. Da ta ɗaga, ramin ya zauna bai ciko ba.

Ta ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Ki kashe wutar nan, mu kai ta a duba ta yau."

Goggo ta ce, "Maman Nedu, ke allura kika sani, mu jego muka sani. Kowa ya tsaya a kan abin uwarsa."

Ta raka ta har zaure, ta turo ƙofa.

Kullum Jafaru yana bugo waya. Kullum Raudatu tana cewa, "Lafiya lau, Goggo tana kula da ni." Ba ta gaya masa sai ta jingina da filo uku take samun numfashi ba.

Ranar da Raudatu ta cika kwana ashirin da shida da haihuwa, bayan wankan safe, ta fito ta kasa kaiwa ɗaki. Ta zube a bakin ƙofa tana haki, tana tari, kumfa na fitowa. Matar da ta haifi bakwai ba a ji ƙararta ba, ranar har bakin titi an ji ihunta.

Wa ya fara shigowa? Maman Nedu, ko ɗankwali babu. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Cewa ta yi, "Kar ki kwantar da ita! Zaunar da ita! Ɗauko yaron!" Ita ta tare keke, ita ta rungume Raudatu a ƙirjinta har asibiti.

Aka sa mata abin numfashi, aka yi ta allurar fitar da ruwa. Kafin la'asar Jafaru ya iso daga Kano. A gabansa likita ta tambaya, "Wa ya ba ta kanwa?"

Goggo ta kau da kai gefe. Sai Raudatu ta janye abin numfashin ta ce, "Ni ce. Kwaɗayi ne ya kama ni. In Goggo ta fita nake damawa. Wankan ma ni na matsa mata."

Goggo ta sunkuyar da kai.

Likita ta ce an ceto ta, amma zuciyar ta yi rauni. Za ta daɗe tana shan magani, wani cikin kuma kar a yi maganarsa, don zai iya tafiya da ita.

Jafaru ya daɗe yana kallon matarsa, sannan ya ce, "Wata da watanni ina cin lami saboda ke. Ashe ranki da na yaron nan ba su kai ƙwaryar kunu ba."

Tun ranar, yana zuwa ya ɗauki ɗansa, ya tambayi nas jikinta, ya fita bai dubi gadon ba. In ya ga Goggo kuwa sai ya durƙusa ya ce, "Allah Ya saka da alheri. Kar ki sa damuwa, ba laifinki ba ne."

Da suka keɓe, Raudatu ta ce, "Goggo, ki bar shi a haka. Ni zai huce da ni. Ke in ya sani, ba zai ƙara bari ki ɗauki Suhail ba." Tana faɗa tana goge ido da gefen zanin gado.

Maman Nedu kuma, a hanyarsu ta komawa gida, magana ɗaya ta yi: "Ni ba zan faɗa ba, ba bakina ba ne. Amma yarinyar nan, zuciyarta ba ta da ƙarfin ɗaukar kayanki."

'Yan uwa, sunaye kawai na canza. Goggon nan ni ce. Ragowar kanwar tana nan cikin gwangwani a ƙarƙashin gadona, na kasa zubarwa, na kasa kallo. Jibi za a sallame ta, kai tsaye Samaru za su wuce, ɗaki ɗaya da mutumin da ba ya duban fuskarta saboda abin da hannuna ya dama.

Darasi: Abin da ya karɓi uwa ba dole ya karɓi 'ya ba. In masu sani suka hana mai jego wani abu, kar kunyar 'yan barka ko "haka muka gada" ta sa ki karya, don 'ya mai biyayya za ta shanye ko da ajalinta ne a ƙwaryar. Ku tura wa duk uwar da ke shirin riƙe mai jego, kafin ta hura wuta.

Ni kuma ku gaya mini. In na faɗa wa Jafaru gaskiya, na saɓa wa roƙon 'yata, wataƙila na rasa jikan da aka ce in riƙe. In na yi shiru, ita ke kwana da laifina. Don Allah, me zan yi kafin jibi?