Tafin Hannun da Teku Ya Rufe

Akwai wani mutum da direbobin jif na nan garin Sintra suke kira Injiniya har yau, ko da yake sunansa Hélder. A Luxembourg aka haife shi, can iyayensa suka je ci-rani tun suna da ƙuruciya, zama ya kama su. Mutum ne mai tsari. Ko kofi zai sha sai ya duba agogo, kuma a gidansu in ya yanke magana ta yanku.

Mahaifiyarsa, Dona Belmira, 'yar wani ƙauyen masunta ce a gaɓar tekunmu. Shekarunta tamanin da ɗaya, rabonta da ƙauyen kuwa ya haura hamsin. Duk hutun watan Agusta garin mijinta ake zuwa, can arewa cikin duwatsu, ita kuma ba ta taɓa cewa a kai ta nata ba. Da mijin ya rasu, zuciyarta ta fara gajiya, sai ta ce wa ɗanta tana so ta ga gida. Likita ya yarda, amma kwana biyu kawai.

Hélder ya ce Asabar za su yi yawon. Tsohuwa ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon kalandar da ke rataye a kicin, irin mai zanen wata a gefen ranaku, ta ce Alhamis take so. Ya yi mita, ya ɗage taro biyu a ofis, amma bai tambaye ta dalili ba. A ganinsa rigimar tsufa ce.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya ɗauki hayar buɗaɗɗiyar jif ta wuni guda, su biyu kaɗai da direba. Ya sayi tikitin shiga tsohuwar fadar sarauta ta Pena na ƙarfe tara da rabi, shigar farko kafin jama'a su cika. Bayanta wasu fadoji biyu, sai abincin rana, sai gaɓar teku da la'asar, daga nan filin jirgi. Ya buga tsarin a takarda ya saka a leda. Uwarsa ta girma tana hango fadar nan a kan dutse ba ta taɓa taka ƙofarta ba, shi kuma ya ƙudura yau sai ta shiga kamar sarauniya.

Direban da ya zo ɗaukarsu dattijo ne, Senhor Custódio, shekara talatin yana bin hanyoyin burjin dajin nan. Yana taimaka wa tsohuwa ta hau, ya ji yadda ta yi masa godiya, sai ya tsaya.

"Wannan harshen na gaɓarmu ne. Dona, 'yar gidan wa?"

"Ta Zeferino mai ƙaguwa."

Custódio bai riski Zeferino ba, amma ya san tafkinsa. Duk wanda ya taso a gaɓar nan ya san shi.

Suna hawan dutse, jif tana gargada tsakanin itatuwa, Dona Belmira ta saki baki da labari. Mahaifinta ya gina wani ɗan tafki da duwatsu da siminti a can ƙasan gaɓa, inda yake ajiye ƙaguwa da rai kafin masu saye su zo. Ranar da ya gama, siminti bai bushe ba, ya danna tafin hannunsa a bakin ginin, ya kamo nata ya danna a gefe. Tana da shekara shida. Wurin kullum cikin ruwa yake, ba ya fitowa sai teku ya yi babbar janyewa, kwana ɗaya ko biyu bayan wata ya cika, shi ma na ɗan lokaci da safe.

Custódio ya zaro wani ɗan littafi daga bayan makarin rana na gilashin mota, irin wanda masunta ke duba lokutan ruwa a ciki. Ya duba, ya waiwayo ya kalli tsohuwa, ita ko ta kawar da kai tana murmushi. Yau ce ranar, kuma ƙarfe goma saura ruwa zai kai ƙarshen janyewarsa.

Ya gangara gefen hanya ya tsaya, ya yi wa Hélder bayani dalla-dalla. In suka juya yanzu, minti ashirin da biyar zai sauke su ta hanyar burji har kusa da duwatsun, inda ƙaramar mota ba ta zuwa. Fadar kuma ya san yadda za a nemi wani tikitin da yamma.

Hélder ya ji labarin duka, ko da yake rabin hankalinsa na kan waya. Ya ɗaga takardarsa.

"Tikitin tara da rabi wata biyu na yi ina fakonsa. Fada tana da lokaci, teku kuwa ina zai je? Mu shiga mu fito sha ɗaya saura, mu gangara."

"Injiniya, shi ma tekun yana da nasa lokacin, kuma ba ya karɓar uzuri. Fadar nan ba mai fita cikin awa ɗaya, ko da ƙafar saurayi."

"Malam, tuƙi na ɗauke ka ka yi mini. Tsarin na riga na yi."

Custódio ya dubi Dona Belmira ta madubi. Da ta ce uffan, da ya juya kan motar, Injiniya ya yi ta faɗa. Amma ita irin matan da ce, waɗanda ba sa musa wa namijin da ya ɗauki nauyin tafiya, ko da su suka haife shi. Ta gyara ɗankwalinta ta ce a bar yaro, ya sha wahala wajen shiryawa.

Aka nufi fada.

Ko shigar farkon ma layi ne har bayan ƙofa. Daga nan hawa, daga hawa matakala, daga matakala wani siririn lungu da mutum ba ya wuce na gabansa. Tsohuwa tana taku uku ta huta. Hélder yana riƙe da hannunta yana karanto mata sunayen ɗakuna daga waya, nan sarauniya take kwana, nan ake cin abinci, nan ake karɓar baƙi. Ita kuma tana cewa ya yi kyau, Allah ya yi masa albarka.

A barandar sama, inda kowa ke juya baya ga bango mai launin rawaya yana ɗaukar hoto, ita ta dafa ƙarfe tana kallon yamma. Daga can ana hango teku siriri, fari a bakinsa. Hélder ya ce ta juyo ta yi murmushi, ta juyo ta yi.

Sai sha biyu da kwata suka fito. Hélder ya zo wurin jif da sauri yana cewa a tafi gaɓa yanzu yanzu. Custódio bai ko tayar da mota ba, ya ce masa ruwa ya fi awa ɗaya da rufe wurin, kuma ba zai sake buɗewa da hasken rana ba sai gobe. Gobe kuwa suna Luxembourg, tsohuwa tana da ganin likita da safe.

Hélder ya ce ai ba za a rasa ganin wani abu daga sama ba. Aka ci gaba da bin takarda. Suka ga fada ta biyu, ta uku tsohuwa ta ce ƙafarta ta gaza, ta zauna a mota. A wurin cin abinci aka kawo gasasshen kifi da dankali, ta ɗan taɓa ta ture faranti, ta ce gishirin zamaninsu ya fi wannan.

Ƙarfe uku da rabi jif ta bar kwalta, ta bi wata hanyar jar ƙasa tsakanin gonakin inabi, ta gangara har inda hanya ta ƙare. Teku ya cika maƙil, yana dukan gindin dutse yana watso kumfa. Ba tafki, ba alamarsa.

Dona Belmira ta sauko, Custódio ya ba ta kafaɗa. Ta miƙa yatsa ta nuna wani wuri a cikin ruwan, dama da wani baƙin dutse, ta ce nan ne. Sun daɗe a tsaye. Hélder ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, amma maimakon ya ba ta haƙuri sai ya shiga lissafin wata.

"Mama, za mu dawo da bazara. Ni da kaina zan duba ranar."

"To, ɗana. Allah ya kai mu."

A filin jirgi Hélder ya miƙa wa direba hannu ba tare da ya dube shi ba. Custódio ya zagaya ya sumbaci hannun tsohuwa, ta ce masa ya gaida mata gaɓa.

Bazara ta zo, Dona Belmira ba ta iya ko sauka daga bene. Likita ya ce maganar jirgi ta ƙare. Hélder ya kasa zama. Ya nemo lambar Custódio ya kira, wannan karon shi ne yake tambaya, yaushe ruwa zai janye. Dattijon bai yi masa gori ba, ya faɗa masa rana da lokaci, ya ce ya zo da takalmin da ba ya santsi.

Ya zo shi kaɗai. Ranar farko iska ta tashi, igiyar ruwa ta hana sauka. Injiniyan da ba ya jiran kowa ya ɗage jirginsa, ya kwana a ƙauyen uwarsa. Washegari teku ya kwanta, ya ja baya har duwatsun ƙasa suka fito baƙi ƙirin, suna sheƙi. Custódio ya nuna masa hanya ya koma ya zauna a kan jif, ya ce wannan sauka ta 'yan gida ce.

Tafkin yana nan, gefe ɗaya ya rushe. Hélder ya durƙusa ya kankare gansakuka da makullin ɗakinsa, sai ga su. Babban tafi mai faɗin yatsu, da ƙarami a gefensa, ɗan yatsan ƙarshe ya ɗan karkace. Ya fito da waya ya ɗauki hoto ta sama, ta gefe, kusa, nesa, ya yi bidiyo yana faɗin rana da lokaci. Ya ajiye makulli a gefe don a gane girmansu. Da ruwa ya fara lasar takalminsa ya hau sama, yana jin ya sauke nauyi.

Ya wanke hoton da ya fi kyau, babba, ya sa a gilashi. Ya kai mata har gado, ya ɗaga mata filo, ya saka mata tabarau.

Dona Belmira ta daɗe tana kallo. Ta ce yatsun mahaifinta ke nan, ba shakka, ga ma wanda ƙugiya ta taɓa tsagawa. Ta ɗora tafinta a kan gilashin, ta ɗauke, ta dubi ɗanta.

"Da ka sa hannunka a cikin na Baba, ya yi maka daidai ko ya fi ka?"

Hélder ya dubi tafin hannunsa. Minti arba'in ya yi a durƙushe a wurin, hoto sittin da wani abu ya ɗauka, amma bai taɓa simintin da tafinsa ba.

"Ban sa ba, Mama."

"Ayya. Ni ai ba gani nake so ba, na san kamarsu. So nake na sa hannuna a cikin nasa." Ta miƙa masa hoton. "Rataye shi can, ya yi kyau. Ka sha wahala."

Ya rataye shi a bangon da ke fuskantar gadonta. Kafin wata babbar janyewar ruwan ta zagayo, Dona Belmira ta rasu.

Darasi: Yi wa iyaye hidima daban, sauraronsu daban. Hélder bai yi rowa ba, bai yi ƙyuya ba, amma sau biyu yana ba mahaifiyarsa abin da shi ya ga ya dace, bai taɓa zama ya tambaye ta abin da take so ba. Tsofaffi ba sa maimaita buƙata, in ka katse su sau ɗaya sai su ce ba komai, su sa maka albarka, su haɗiye. Kuma in wanda ya san hanya ya ba ka shawara, kada ka dubi cewa kai ka ɗauke shi aiki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In naka suna raye, ajiye takardar tsarinka yau ka tambaye su, ka yi shiru har su gama magana. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ruwa bai rufe masa ba tukuna.