Maganar da Inusa Ya Kasa Faɗa wa Surukarsa

Akwai wani mai awon gyaɗa a Matameye, sunansa Inusa, a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, lokacin da gyaɗa take tashe. Mutum ne mai kunya har ta yi yawa. In ya hangi surukarsa a kasuwa, sai ya saki sikeli ya zagaya bayan buhuna. Tsofaffi suna ta yabo, wai ga yaro mai tarbiyya.

Sai dai kunyar nan ba ta shiga mota. In ya bi kamyo, wato babbar motar gyaɗa, zuwa birni, a bakin gari yake sauke ta, sai ya dawo ya ɗauki abarsa. A irin wannan tafiya ya kwaso ciwon sanyi.

Da zafin fitsari ya fara, ya yi ta shan jiƙe-jiƙe a ɓoye, yana shiga ɗakin matarsa Baiwa kamar ba komai. Ita kuwa tana da cikin fari. Da cikin ya tsufa, aka zo aka tafi da ita Dungu goyon ciki wajen uwarta, Iya Shekara. Sai da gida ya zama ba kowa, sannan gogan naku ya lallaɓa gidan likita.

Malam Manu, mai yin allura a wurin, ya fara yi masa fenisilin. Ana cikin alluran zazzaɓi ya rufe shi, marainansa suka kumbura, har tafiya ta koma ta ƙafa a ware. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce daga kan kamyo ya faɗo.

Malam Manu ya duba shi ya ce, "Ciwon ya daɗe, ya gangara ƙasa. Za mu ƙara allura. Ka kwanta, ka tallafe wurin da tsumma, ka yi ta shan ruwa. Ko ka ji sauƙi kada ka ɗauke ƙafa sai na sallame ka." Sannan ya ce, "Malam Inusa, ina iyali?"

"Tana Dungu, goyon ciki."

Malam Manu ya ajiye abin da ke hannunsa. "To ita ma sai an yi mata, ko ba ta jin komai. Ciwon nan yana zama shiru a jikin mace. In ta haihu da shi, idon jariri yake kamawa, kuma ba ya jiran kowa. Ka je ka zo da ita."

Inusa ya ce to. Amma matar da ke goyon ciki ba a ɗauko ta sai da izinin uwarta, uwar kuwa sai ta ji dalili. Yaya zai buɗe baki ya ambaci wannan ciwo a gaban matar da ko ruwa ba ya iya sha a kan idonta?

Da kumburin ya saɓe, ya tafi Dungu. Ya tsuguna a zaure, kansa a ƙasa. Iya Shekara ta gaishe shi daga bayan zana, ta aiko masa da fura. Baiwa ta leƙo ta ce, "Maigida, lafiya ka rame haka?"

Maganar ta zo har bakinsa. Ya ce, "Zazzaɓi ne, ya wuce." Ya sha furarsa ya koma gida. Ni dai a labarin nan babu inda yake ƙona mini rai kamar wannan wuri.

Shi ya cika allurarsa ya warke sarai. Ba a jima ba aka aiko cewa Baiwa ta sauka, an samu mace. Ɗan aiken ya ƙara da cewa, "Lafiya lau suke, sai dai idon jaririya ya ɗan kumbura yana ruwa, ana ɗiga mata nono."

Inusa ya tuna maganar Malam Manu. Amma 'yar fari ce, uban 'yar fari kuwa ba ya rawar jiki, ba ya ma nuna ya ji. In ya ruga Dungu yanzu, me za a ce? Sai ya ce wa ransa bari ranar suna.

Da safiyar suna aka raba goro, aka raɗa wa yarinya Hajara. Inusa yana zaune cikin maza, sai ya jiyo wata tsohuwa a cikin gida tana cewa, "Har yau idon bai buɗe ba, mugunya ce kawai ke fita."

Ya miƙe. Ya cire takalmi, ya keta cikin mata, abin da bai taɓa yi ba a gidan. Hayaniya ta mutu. Ya durƙusa gaban surukarsa.

"Iya, ba ciwon ido ba ne irin wanda aka sani. Daga wurina yake. Ciwon sanyi na ɗauko a waje. An ce in kawo ta a yi mata allura, na kasa faɗa."

Iya Shekara ta dube shi ido cikin ido, karo na farko tun da ya auri 'yarta. Ta ce, "Ran da ka zo ka sha fura a zauren nan, ka sani?"

"Na sani, Iya."

Ta miƙe tsaye. Ta ɗauki jaririya ta goye, ta ce a ɗaura wa jaki akumari. Baiwa ta bi bayanta tana kuka marar sauti, taron suna ya watse, tuwo yana kan wuta.

A gidan likita Malam Manu ya yi ta wanke idon, yana ɗiga magani, ya yi wa uwa da 'ya allura. Idon hagu ya buɗe tas. Na dama kuwa fari ya riga ya rufe shi. Ya ce da a farkon kumburin aka kawo ta, da wataƙila an cece su duka biyu.

Maganar ta zagaye kasuwa, kunyar da Inusa ya guje wa ta same shi ninki ba ninki, kuma bai mutu ba. Baiwa ta daɗe a gidansu kafin ta yarda ta koma. Shi kuma ya daina bin kamyo, ya kuma watsar da kunyar 'yar fari: yana kiran Hajara da sunanta, yana ɗaukarta har rumfar awo.

Wata rana tana zaune a cinyarsa, ta fara wayo, sai ta gano wani wasa. Ta sa tafin hannu ta rufe idonta na hagu, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Baba, ka gani? In na rufe wannan, sai ka ɓace."

Inusa ya janye ɗan hannun a hankali, ya riƙe shi. Ya ce, "Ina nan, Hajara." Bai iya sake auna ko kwano ɗaya ba a ranar.

Darasi: Kunya ado ce in ta hana ka aikata ɓarna, amma in ta hana ka faɗin gaskiyar da za ta ceci wani, ta zama zalunci. Wanda ya kamu da ciwon sanyi ya je asibiti da wuri, ya cika maganinsa, ya kai iyalinsa a duba su ko ba sa jin komai, musamman mai ciki. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda yake zaune da irin wannan magana a bakinsa yau.