Kaza Ta Ƙi Tashi Daga Kan Ƙwai

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu sha labari.

Kaza ce ke kwanci a kan ƙwai, sai ga ƙawarta Zabuwa, uwar yawo, ta sha ankon biki mai ɗigo-ɗigo.

Ta ce, "Ƙawa, tashi! Yau ake kamun 'yar Talotalo."

Kaza ta ce, "A gaishe su. Ina da aiki."

"Aikin zama? Ni ma na bar nawa ƙwan a jeji. Suna ba ki je ba, biki ba ki je ba. Zumunci fa a ƙafa yake! Ranar naki wa zai zo?"

Kaza ta gyara zama ta ce, "Kar Allah Ya sa a zo. Kalangu zai ɗumama mini ƙwai?"

Aka yi ta gulmarta a gari, wai girman kai gare ta. Ko ƙyas. Ranar da ta ƙyanƙyashe, babu wadda ta leƙo barka. Ta kaɗa 'yan tsakinta, ta ratsa tsakiyar gari tana taƙama.

Zabuwa kuwa da ta koma jeji, ƙwai duk sun zama baragurbi. Da wata damina ta zo, ta kwaso sababbi tana sunkuyar da kai.

"Ƙawa, ki taimaka ki haɗa da naki."

Kaza ta ce, "Ajiye, ki tafi bikinki. Amma duk wanda ya fito, ni zai kira Inna."

Ƙurunƙus, kan kusu ya ƙone a murhu!