Ma'aunin da Aka Liƙa a Bakin Esi

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ba zan kama suna ba saboda rufin asiri. A wurin aiki Injiniya ake ce masa, in ka kira shi da wani sunan sai ya yi kamar bai ji ba.

Yayansa yana da ɗan ofishi na masu auna filaye. Shekara goma sha biyu bawan Allah yana shan rana a gonaki, kuma duk taswirar da ya zana wa jama'a tana cikin wata babbar kwamfuta da ma'aikata suka laƙaba wa uwar garke. Ita wannan ba ta son zafi ko kaɗan. Aka ware mata ɗan ɗaki mara taga, aka sa mata na'urar sanyaya ɗaki, esi ƙarama, ita kaɗai a duk ginin. Sauran jama'a da fanka suke maneji.

Yayan ya damƙa wa ƙanensa makulli. Ya ce ƙofar nan ta zauna a rufe, kuma duk mako a kwafe aikin a faifai a kai gida. Ya rataya ma'aunin zafi a bayan uwar garke, wanda yake aiko masa da lamba ta waya ko yana daji. Don Allah mene ne mai wuya a nan?

Sai zafi ya shigo, irin wanda fanka ma wuta take hurowa. Teburin Injiniya kuwa yana dab da ƙofar ɗakin. Wata rana ya buɗe, sanyi ya daki ƙeyarsa, ya tsaya ya lumshe ido. Washegari ya samo guntun katako ya tokare ƙofar. Kafin mako ya zagayo ya juya bakin esin gaba ɗaya yana kallon kujerarsa. Wai shi ɗan Adam yana gumi, ƙarfe yana shan iska.

Esin da aka saya don ɗan ɗaki ta koma kokawa da zafin ofis duka. Lamba ta fara hawa, ashirin da bakwai, talatin. Yayan ya bugo waya daga gona yana tambayar ko lafiya.

Nan ne abin yake ƙona mini rai. Ƙafa ɗaya zai sa ya ture katakon, magana ta ƙare. Bai yi ba. Sai ya ciro ma'aunin daga bayan uwar garke, ya hau kujera, ya liƙa shi da salatif a daidai bakin esi. Lamba ta sauko goma sha takwas.

"Yaya, na gyara," in ji shi.

"Allah ya yi maka albarka," in ji yayan.

Kun ji fa. Ya karɓi albarka a kan ƙarya, ya koma ya zauna.

Allah ba ya barin mutum babu gargaɗi. Akwai wata dattijuwa mai share ofishin, ita ta ce masa, "Ɗana, akwatin can kuka yake yi. Jiya na kai hannu zan goge bayansa, sai na ji kamar murfin tukunya."

Ya ce, "Inna, ki ji da tsintsiyarki."

Haka aka yi wata biyu. Yayan yana duba waya, yana ganin goma sha takwas, yana yabon ƙanensa a gaban mutane.

Wata Laraba bayan azahar wani manomi ya zo neman taswirar gonar mahaifinsa, ana jayayya da shi a kan iyaka. Aka danna kwamfuta, shiru. Sai warin ƙonanniyar roba ya biyo sanyin ya fito. Yayan ya ce ba komai, ai akwai kwafi a gida. Ina kwafi? Faifan yana nan a kan uwar garke tun ranar da aka sayo shi, ganda ta hana a kai shi gida. Ya gasu tare da ita.

Aka kira mai gyara. Ya kai hannu bayan akwatin, ya janye da sauri. Ya ɗaga kai, ya nuna wa yayan bakin esi. Yayan ya dubi salatif, ya dubi katakon da ke ƙofa, ya ciro wayarsa. Har a lokacin goma sha takwas take nunawa.

Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya hau kujera da kansa, ya ɓalle ma'aunin, ya sa wa ƙanensa a tafin hannu. Ya ce, "Tafi da shi. Ka koya masa ƙarya, ba shi da amfani a wurina. Ajiye mini makullina."

Manomin ya tafi hannu rabbana. Labari ya bazu, masu kawo aiki suka ɗauke ƙafa, ofis ya rufe. Yau yayan yana jan igiyar awo a ƙarƙashin wani, da furfurarsa. Shi kuwa Injiniya ko makullin akurki babu mai ba shi. In sun haɗu a ɗakin mahaifiyarsu suna gaisawa, amma kowa da kwanonsa, ita kuma tana kallo tana share hawaye.

Ya 'yan uwa, kada ku ce zafi ne ya kashe na'urar nan. Zafi kowa ya sha shi. Cin amana ne ya tokare ƙofa, ha'inci ya liƙa ma'auni. Kuskure ana gyara shi muddin ana ganinsa, amma ranar da ka rufe idon wanda ya yarda da kai, ka kashe mai ceton ku duka.

Kuma kada wani ya yi murmushi don ba ya aikin kwamfuta. Kai da aka bar wa shago, ke da aka bar wa ɗan wani, kai da kake rubuta rahoto a ofis, a ina ka liƙa naka ma'aunin? Mai amanar yana ganin goma sha takwas, shi ke nan ka tsira? Akwai wanda yake ganin bayan akwatin.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana ko da gumi na zuba. Allah ya kiyaye mu daga ɗan jin daɗin da zai raba mu da 'yan uwanmu. Amin.