Akushin Ƙyalle, Karen Sarki Jatau

A zamanin da, tun sarakuna na sanin mutanen garinsu da suna, an yi wani sarki ana ce masa Jatau. Kafin ya hau gado ya shekara bakwai a daji yana farauta, domin wansa ya kore shi. Ranar da aka kira shi sarauta, abin da ya shigo da shi gari baka ne da kwari da wani jan kare mai suna Ƙyalle.

Ƙyalle ya samu wurin kwanciya a bakin zauren fada. Da shekaru suka ja sai cikinsa ya kumbura, ya riƙa sakin tusa irin wadda ke sa mai kawo ƙara ya manta abin da ya kawo shi. Fadawa kan ja rawani su rufe hanci, su ce sanyi suke ji.

Ran nan Alƙali ya kasa daurewa. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, shari'a ba ta yiwuwa haka. A kai karen nan ƙauye."

Sarki ya ce, "Karen nan ya raba ƙafar zomo da ni lokacin da ba wanda ke ce mini ranka ya daɗe. Amma ka faɗi gaskiya. Na ba da kwana arba'in. In bai warke ba, a tafi da shi."

Masu magani suka zo da jiƙe-jiƙe, aka turara zaure, ba abin da ya ragu. Waziri Tanko kuwa bai kawo ko saiwa ɗaya ba. Kwana uku ya yi zaune a gindin durumi yana kallon karen. A na huɗu ya sa aka yi shela cewa Sarki zai gode wa duk mai ciyar da Ƙyalle, kowa ya zo da irin abin da yake ba shi.

Da hantsi ƙofar fada ta cika. Galadima ya zo da ƙosai, Sarkin Fawa da kitse, Jakadiya da nono, wani attajiri da ɗanwake har da man gyaɗa. Kowa yana satar kallon akushin ɗan'uwansa, don kowa ya zaci shi kaɗai ya san wannan hanya ta shiga zuciyar Sarki.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ciwon Ƙyalle nan a jere."

Galadima ya ce, "Haba Waziri, ƙauna ce fa!"

"Na sani, Galadima. Shi ya sa kake jira sai Sarki ya fito kafin ka jefa masa."

Sarki ya hana kowa sake ba karen ko loma. Sannan Waziri ya gabatar da Cindo, tsohon maharbin da ya koya wa Sarki harbi. Cindo ya durƙusa ya matsa cikin karen, ya girgiza kai.

Ya ce, "Hannu ɗaya zai riƙa ba shi, safe da yamma, kaɗan-kaɗan. Ban da wake, ban da nono, ban da maiƙo. A baza masa tuwon a kan faffaɗan dutse, don in ya wawura daga akushi da iska yake haɗiyewa. In abincin ya faɗa masa, a zaga da shi."

Aka yi duk abin da ya ce, sai zagayen ya gagara. Dogarai suka ja, Ƙyalle ya kafe. Cindo ya yi dariya ya ce, "Sawun mutum ɗaya ya sani, ranka ya daɗe. Ko ƙafar da ta kori gada har bakin kogi ta mutu ne a cikin sirdi?"

A al'adar wannan ƙasa kuwa, sarki ba ya tafiya da ƙafa. Saura kwana tara wa'adi ya cika. Sarki ya dubi karen, karen ya kaɗa wutsiya sau ɗaya. Sai ya miƙa wa Waziri alkyabbarsa, ya yi fito irin na da. Ƙyalle ya miƙe.

Kullum bayan la'asar aka riƙa ganinsu suna bin gindin ganuwa har tsohuwar marina, tsofaffi biyu suna ɗingishi, Cindo na biye yana ba da labarin ɓaunar da ta kore su kan itace. Talakawan da dogarai kan tare a ƙofa suka riƙa tsayar da Sarki a hanya, yana sauraron kukansu a tsaye. Ranar arba'in Alƙali ya yanke shari'a uku rawaninsa na ƙasan haɓa, ya ce a bar kare inda yake.

Ƙyalle ya ƙara damina biyu, aka binne shi a bakin marina. Washegari bayan la'asar aka ɗaura wa doki sirdi aka kawo ƙofar fada. Sarki ya ce a mayar da shi barga. Ya miƙa wa Waziri alkyabba, ya fita shi kaɗai, kuma waɗanda ke kusa sun ce sun ji ya yi fito kafin ya tuna.