Tawadar da Ta Ƙi Bushewa

An yi wani sarki a can ƙasashen Turai, Otmar sunansa, wanda ya shekara goma sha tara yana gwabzawa da takwaransa na ƙetaren kogi a kan wani kwari guda, har maza suka ƙare, mata suka koma riƙon garma. Da wuya ta yi wuya suka yarda da sulhu. To, amma sarakuna da girman kai! Babu mai yarda ya taka ƙasar wani. Sai aka gina zaure mai ƙofa biyu a tsakiyar kwarin, kowa ya shigo ta tasa.

Baltazar, wazirin Sarki Otmar, aka miƙa wa alƙalami ya ja iyaka a kan taswira. Bawan Allah, 'ya'yansa biyu kwarin nan ya cinye, autansa kuwa yana cikin rundunar da ke jira a bakin kogi. Da rana tsaka ya ja layi, sai tawada ta ƙi bushewa, ta tattaru, ta gangara ta ƙafar tebur, ƙasa ta shanye ta. Aka sake tawada, aka sake takarda, kwana uku abu ɗaya. Wani sanyi yana tasowa daga daɓen, dawakai suka ƙi kusantar wurin.

Kowane ɓangare ya ce sihirin ɗayan ne. Sarki Otmar ya ce, "Waziri, in gobe rana ta faɗi ba a ja iyaka ba, jibi sai fagen fama."

Waziri ya san autansa na cikin waɗanda za a sa a gaba. Ya fito yana sharce gumi a cikin sanyin nan, sai ya hangi wani tsoho mai haƙar kabari, Anselmu, tsaye daga nesa.

"Baba, me ya hana ka matsowa?"

"Ranka ya daɗe, ni ba na taka mutane. Da hannuna na binne su ƙarƙashin zauren nan bayan babban gumurzu. 'Yan kwasar ganima ba su bar musu ko riga ba, balle in san na wane sarki ne, sai na jera su kafaɗa da kafaɗa. Layin da kake ja, ta kan ƙirjinsu yake bi. Su sun riga ku yin sulhu."

Waziri ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, sa'an nan ya koma gaban sarakunan ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamaninku, kwarin nan yana da masu shi, suna kwance ƙarƙashin ƙafafunku, kuma ba a rabon gida masu gida suna ciki. In kun yarda, kowa ya tsaya a bakin gefensa, a bar musu tsakiya."

Sarakuna suka dubi ƙasa, kowa ya ɗan janye ƙafarsa, suka amince. Waziri ya ja layi biyu. Tawada ta bushe nan take. Daga ƙarƙashin daɓen aka ji doguwar ajiyar zuciya, irin ta jama'a da yawa da suka sauke kaya, ba wanda tsigar jikinsa ba ta tashi ba.

Sarki Otmar ya yi wa Anselmu alkyabba, ya naɗa shi mai tsaron kwarin. Ya ce waziri ya faɗi bukatarsa.

"A sallamo mini autana, ranka ya daɗe. In zo da shi ya gai da yayyensa."

Masu hikima sun ce, ba a kiran hukunci adalci sai ya kai ga wanda ba shi da bakin kawo ƙara.