Minti Talatin na Mai Agogo

Akwai wani manomin lambu da ake kira Mai Agogo, saboda ko wanka zai shiga ba ya cire agogon hannunsa. Mutum ne mai tsabta da iya magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi: mugu ne, irin mugun da ke cutar mutum da ƙa'ida, har wanda aka cuta ya rasa ta inda zai fara kai ƙara.

Tun mahaifinsu na da rai ya raba lambunsa biyu, rabi na Mai Agogo, rabi na ƙanwarsa Auta, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Abin da bai rabu ba shi ne tankin siminti da ke kan tudu. Inji ke cika shi daga rijiya sau ɗaya kowace safiya, don rijiyar ba ta iya ba da fiye da haka. A gindin tankin akwai famfo ɗaya, kuma in aka buɗe shi, cikin awa guda ruwan ke ƙarewa.

Bayan rasuwar tsohon, Mai Agogo ya kira ƙanwarsa ya ce, "Auta, ni ba na son rigima. Awa ɗaya ce. Minti talatin nawa, talatin naki. Tunda ni ne babba, ni zan fara."

Auta ta yi godiya har da sa albarka, baiwar Allah.

Abin da ba ta sani ba, shi kuwa ya sani sarai, shi ne ruwa ba ya fita daga tanki da ƙarfi ɗaya. In tankin na cike, nauyin ruwan sama na danna na ƙasa, sai ya fito da gudu har tiyo na rawa a hannu. Yana raguwa, ƙarfinsa na raguwa. Kafin mintunan Mai Agogo su cika, kashi uku cikin huɗu na ruwan ya tafi. Abin da ke isa wurin Auta bai fi zubar buta ba, ga shi ɓangarenta ne a can ƙarshen lambun.

Mako uku tumatirinta ya fara lanƙwasa kai. Sai ta zo da bokiti tun da sassafe. Ta tara shi lokacin yayanta, ta ƙirga ashirin ya cika. Ta jira nata lokacin, ta ƙirga har sittin bai cika ba.

Ta ce, "Yaya, ka gani da idonka. Don Allah mu riƙa musaya, yau kai ka fara, gobe ni."

Ya yi murmushi ya miƙa mata hannu. "Duba nan. Na taɓa ci miki minti ɗaya?"

"Ba minti shuka ke sha ba, Yaya, ruwa take sha."

"To, ni agogo na sani. Ki gyara nomanki."

Ta kai kuka wurin kawunsu. Kawu ya zo ya zauna a inuwa, aka ba shi wani agogo ya riƙe, ya ga talatin da talatin. Ya ce bai ga cuta ba, har ya ja wa Auta kunne a kan raina na gaba. Ta koma gida tana kuka a hanya. Wannan abu har yau in na tuna shi raina ɓaci yake.

Tumatirin ya ƙone a tsaye. Albasar da ta sa bayansa ko kai ba ta yi ba. A shekara ta biyu Auta ta haƙura, ta cire babbar 'yarta daga makaranta, suka shiga wankau a gidajen mutane. Ranar da ta zo kwashe fartanyarta, Mai Agogo ya tsinko tumatir huɗu daga nasa ya ba ta, ya ce a kai wa yara, noma dai sai mai hannu.

Da lambun ya koma hannunsa duka, sai ya ga ruwan ba ya kaiwa ƙarshe da ƙarfi. Bai tsaya mamaki ba, ai ya san dalili tun fil azal. Ya sa aka yashe rijiya, ya kira magini ya ce a ƙara wa tankin layi biyar na bulo, don ruwa ya ƙara zurfi, famfo ya ƙara ƙarfi.

Magini ya ƙwanƙwasa gindin tankin ya ce, "Maigida, ƙarfin da kake nema wa famfo, shi zai tura bangon nan ma. Tsohon gini ne. Sai an sake shi daga tushe."

"Bulo na ce ka ɗora, ba shawara na tambaye ka ba."

Aka ɗora. Ranar da aka cika shi har baki, Mai Agogo ya tsuguna ya buɗe famfo, ruwa ya fito kamar zai tsinke tiyo, ya yi dariya. Yana tsugune siminti ya tsage a kewayen famfon. Bangon ya taho gaba ɗaya ya danne masa ƙafa, ruwan ya bi ta kansa ya share lambun har ƙarshe. A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa. Lambun kuwa jinya ta cinye shi, har da rabin Auta, wadda ba a ko tambaye ta ba.

Yanzu yana zaune a ɗaki ɗaya a wani gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da tankin roba guda. Dokar gidan ita ce kowane ɗaki minti biyar, wanda ya riga zuwa ya riga ɗiba. Mai sanda ba ya riga kowa. Kullum shi ne na ƙarshe, yana jingine da bango, ruwa na tsiyaya a bokitinsa kamar zare.

Ran nan ya ce wa matar da ke riƙe da makullin famfo, "'Yata, dubi, ko rabi bai kai ba. Ƙara mini kaɗan."

Ta murɗe famfon ta zare makulli. "Baba, minti biyar kowa ya samu. Ga agogo nan a hannunka, duba."

Ya duba. Daidai ne, ko daƙiƙa ba ta ci masa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba kowane rabo da aka yi daidai ne adalci ba. In an damƙa maka rabon wani abu, kada ka tsaya ga abin da ma'auni ya nuna, ka dubi abin da ya isa hannun ɗan'uwanka. Wanda ya san inda ƙa'ida ke cutar mai rauni, ya yi shiru don shi ke cin moriya, azzalumi ne ko da bai taɓa karya doka ba. Kuma ya tuna ba kullum zai zama na farko a layi ba.